Wanda Zai Gaji Kamfanin Mai Zabo

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyinku na ɗan lokaci. Labari zan ba ku, kuma in na kai ƙarshensa ku ne za ku yanke hukunci, domin waɗanda abin ya faru a gabansu sun daɗe suna juya shi ba su tsayar da magana ɗaya ba.

A wani gari da ke kan hanyar Funtuwa an yi wani attajiri, ana ce masa Alhaji Ilu. Da injin niƙa guda ɗaya ya fara, a bakin kasuwa, har Allah ya buɗa masa ya kafa kamfanin garin kunun yara, wanda ake haɗawa da gyaɗa da gero da waken soya. A jikin ledar akwai hoton zabo, shi ya sa ba wanda ya damu da sunan da aka rubuta, kowa Mai Zabo yake cewa. Uwa in za ta yaye ɗanta, ko ta ga nono ya fara gazawa, sai ta aika kanti a sayo mata Mai Zabo. Ɗaruruwan mutane ne ke cin abinci a kamfanin, ban da manoman da ke kawo masa gyaɗa kowace kaka.

Alhaji Ilu bai yi nisa a boko ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. In aka kawo masa rahoto mai kauri sai ya cire hularsa ya ɗora a kai, ya ce, "To, faɗa mini da bakinka." Daga nan sai ya lumshe ido yana saurare. Yana lura da inda mai magana ke yin sauri don a wuce wurin, da wanda yake fara ambata in abu ya lalace, da ko yana tuna mutane ko buhuna kawai yake gani. Da kunne ya ɗauki ma'aikata, da kunne ya sallami wasu, kuma ya yi imani cewa shugaban da zai riƙe amana ana jin sa a harshensa tun kafin a gan shi a aikinsa.

Da tsufa ya zo, ga ciwon suga ya taɓa masa ƙafa, sai maganar magaji ta taso. 'Ya'yansa kowa ya kama hanyarsa, babu mai sha'awar ƙurar gyaɗa. Saboda haka dole a zaɓi sabon shugaba daga cikin manyan daraktocinsa uku.

Na farko Injiniya Lurwanu, mai kula da sarrafa kaya. Dogo ne, marar yawan magana, har ma'aikata suna ce masa Eh-ko-a'a a bayan idonsa. Ta biyu Hajiya Talatu, mai kula da kasuwanci, wadda ta san dilolin kamfanin da sunayen matansu da na 'ya'yansu, kuma in ta shiga kasuwa sai an kai ta har mota. Na uku Barista Nafi'u, lauyan kamfanin, wanda ke tsayawa tsakaninsa da hukuma. Shi kuma ba ya sakin kalma sai ya juya ta ya duba bayanta. Hajiya Talatu takan tsokane shi ta ce, "Barista, kai ko ina kwana aka ce maka sai ka ce ya danganta." Shi kuwa sai ya gyara tabarau ya ce, "To ai ya danganta ɗin ne, Hajiya."

'Yan kwamitin gudanarwa suka ga kada zaɓi mai nauyi haka ya rataya ga kunnen tsoho shi kaɗai, sai suka ɗauko ƙwararru daga Abuja. Waɗannan suka tattara jawaban da daraktocin uku suka yi a tarurruka da hirarrakinsu da 'yan jarida, suka zuba a kwamfuta, ta ƙirga sau nawa kowannensu ya ambaci amana, da alhaki, da lafiyar jama'a. Da sakamako ya fito, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a yi magana ba. Alhaji Ilu ya saurari bayanin har ƙarshe, ya yi musu godiya, sannan ya ce, "Kun auna su suna ƙoshe, a ɗaki mai sanyi. Ni so nake in ji bakinsu ranar da cikinsu ya ɗuri ruwa."

Daga baya ya sha faɗa wa na kusa da shi cewa da ya san yadda ranar za ta zo, da bai roƙe ta ba.

A daminar shekarar aka yi ruwa mai yawa. Rufin sito ya yi yoyo ta kusurwa ɗaya, buhunan gyaɗa da dama suka jiƙe. Ga diloli suna ta bugo waya suna jiran kaya. Injiniya Lurwanu ya shiga siton, ya sa aka farke buhu, ya ga fumfuna ta fara kama gyaɗar. Ya tsaya yana kallo. Sai ya ce a shanya, a tsince wadda ta yi baƙi, a soya sauran a niƙa, yana gaya wa kansa cewa zafin suya zai kashe ko mene ne. Aka yi yadda ya ce. Garin ya fita a motoci, ya shiga kantuna da kasuwannin ƙauye.

Bayan 'yan makonni yara suka fara kwanciya. Amai, kumburin ciki, idanu su yi rawaya. A gidaje aka ce shawara ce take yawo. Wani likita a babban asibitin garin ne ya lura cewa kusan duk uwar da ya tambaya me yaron ke ci, sai ta ce Mai Zabo. Ya ɗauki waya ya kira kamfanin.

Aka kira taron gaggawa a ofishin Alhaji. Wani ya ce maƙiya ne suke son ɓata sunan kamfani. Wani ya ce ai na jabu ya cika kasuwa. Wani ya ce ƙaddara ce, damina ta zo da cututtuka. Injiniya Lurwanu yana zaune, hannunsa a kan tebur, bai ce uffan ba. Aka tashi ba a tsayar da komai ba, motoci suka ci gaba da fita da kaya. Aka sake zama, nan ma shiru. Sai a wani zama na gaba, ana cikin tsara yadda za a ƙaryata likitan a jarida, ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar likitan nan, gaskiya ya faɗa. Ba maƙiya ba ne, ba jabu ba ne. Gyaɗa ce ta jiƙe a sito. Na ga fumfuna da idona, na ce a shanya a niƙa. Mai kula da sito ba shi da laifi, umarnina ya bi. Duk garin da ya fita tun tsakiyar damina, shi ne."

Alhaji Ilu ya buɗe ido ya dube shi.

"Tun yaushe ka gane haka, Lurwanu?"

"Tun ranar da likita ya bugo waya."

"To me ya riƙe bakinka?"

"Tsoro, ranka ya daɗe."

Bai ƙara komai a kai ba, bai kawo uzurin diloli ko na rufi ba. Daga ofishin ya wuce ƙofar kamfani ya tsayar da motar da ake lodi, ya wuce asibiti ya maimaita wa likitoci abin da ya faɗa, kalma da kalma, yana sane da cewa maganar tana iya kai shi gidan yari. A ranar ne likitoci suka san abin da suke yaƙi da shi, a ranar ne aka san wane gari za a bi a kwaso. Ba don ya buɗe baki ba, da an ci gaba da zargin maƙiya ana dama wa yara kunun. Amma kuma a kwanakin da ya yi shiru an dama kunu da yawa.

Sanin inda cutar take abu ne guda, isar da labarin cikin gidaje kuma wani abu ne dabam. Garin ya riga ya watsu. Yana cikin kwano a ɗakunan mata, wani ma an ƙulla shi a ƙananan leda ana sayarwa a ƙofar gida. Barista Nafi'u ya tsara sanarwa mai kyau wadda ba ta da kafar da za a kama kamfani. Hajiya Talatu ta karanta ta miƙa masa kayarsa.

"Barista, wace uwa ce za ta ji wannan tana tsaye a bakin murhu? Kai da ka rubuta ma sai ka karanta sau biyu."

Ta tafi gidan rediyo ba takarda a hannunta. Ta ce wa mata duk wadda ke da Mai Zabo a gida ta daina ba yaro, ta kawo garin ko da rabin leda ne a ba ta wani abu a madadinsa, kuma duk yaron da idonsa ya canza a kai shi asibiti, kamfani ne zai ɗauki nauyi. Ta ce musu ba laifinsu ba ne, kada wani miji ya ɗaga wa matarsa murya a kan wannan. Garin ya fara dawowa. Amma yaran ba su zo asibiti ba, sai ɗaiɗaiku.

Hajiya Talatu ta san dalili, don a gidan da ta tashi ma haka aka yi imani. Mutanenmu da yawa suna riƙe da cewa mai shawara ba a yi masa allura, ba a ƙara masa ruwa, in aka yi to an sallama shi. A gida ake jinyarsa, da jiƙon saiwa da ganyen gwanda da rake. Uwar da ta ga idon ɗanta ya yi rawaya, asibiti ne wuri na ƙarshe da za ta nufa, kuma ko ta so, akwai tsofaffi a gidan da za su tare ƙofa.

Ta koma rediyo, a shirin da ake buɗe layi. Wata mata ta bugo daga ƙauye, ana jin kukan yaro a bayanta.

"Hajiya, mun ji maganarki. Amma ke ma kin sani, mai shawara in aka soka masa allura tafiya yake. Ki ce mu kai 'ya'yanmu da hannunmu?"

Hajiya Talatu ta matso kusa da makirufo.

"'Yar'uwa, ni ma uwa ce, da Mai Zabo na yaye nawa. Wannan ba shawarar da muka sani ba ce, saiwa ba za ta taɓa ta ba. Ki goya shi yanzu, kada ki jira mai gida ya dawo. Wallahi tallahi, duk yaron da aka kawo asibiti zai koma gida a bayan uwarsa."

Ba ta kai mota ba likitan ya kira ta.

"Hajiya, wa ya ba ki wannan tabbacin? Ni dai ban ba ki ba. Akwai waɗanda hantarsu ta riga ta tafi."

"Likita, da na ce wataƙila, wa kake gani zai zo?"

Washegari asibitin ya cika har baranda. Mata suka zo a babur, a a-kori-kura, wasu a ƙafa, suna cewa Hajiya ta rantse. Ita kuma ta ɗaura lasifika a kan motar kamfani ta bi kasuwannin ƙauye ranar cin kowace, tana maimaita maganar har muryarta ta dushe, tana kwaso garin ana ƙonawa a gaban jama'a. Likitoci sun ce mafi yawan yaran da suka rayu, da an ƙara jinkiri kaɗan da ba a same su ba.

Cikin matan da suka zo akwai Ladidi, matar wani mai facin taya da ake kira Malam Ɗahiru. Ɗanta Sa'adu bai daɗe da fara tafiya ba. Surukarta ta hana, ta ce a gidan nan ba a taɓa kai mai shawara wurin allura ba. Ladidi, wadda ba ta taɓa musu da tsohuwar ba tun da aka kawo ta, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, matar nan da sunan Allah ta haɗa." Ta saɓa yaron ta fita. Aka karɓe shi, aka ɗaura masa ruwa, likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu. Cutar ta riga ta yi nisa. Ladidi ta koma gida da zanen goyo a hannu.

Yaran da suka rasu ba su da yawa, amma kowannensu da uwarsa. A gidan Malam Ɗahiru kuwa ba a ce gari ne ya kashe Sa'adu ba. Cewa aka yi allura ce, kuma kowa ya san wadda ta kai shi.

Ana cikin haka hukuma ta zo ta garƙame ƙofar kamfanin. Aka fara maganar soke lasisinsa har abada, da kama Injiniya Lurwanu, har da shi Alhaji Ilu da ke kwance. Ma'aikata suka koma zaman gindin bishiya a bakin ƙofa. Kaka ta kusa, manoma suna tambayar wa zai sayi gyaɗarsu. Kuma in kamfanin ya mutu, jinyar yaran da ke kwance ma ta tsaya, don shi ke biya.

Barista Nafi'u ne ya tsaya a gaban kwamitin bincike. Sun yi masa tambayoyi ta kowace fuska, wasu da nufin su fusata shi, wasu da nufin ya yi tuntuɓen harshe. Bai ɗaga murya ba, bai yi ƙarya ko ɗaya ba, bai kuma ba da abin da ba a tambaye shi ba. Da shugaban kwamitin ya ce, "Kamfaninku ya san da matsalar ya ci gaba da sayarwa?" sai ya amsa, "Jami'in da sashen ke hannunsa ya bayyana abin da ya sani a gaban shugabannin kamfani, kuma a ranar da ya bayyana aka tsayar da fitar da kaya." Babu kalmar da ba gaskiya ba a ciki. Kwanakin shirun ne kawai ba su samu shiga ba. Ya shimfiɗa musu yadda aka kwaso garin, da yadda za a rushe siton a gina sabo, da ɗakin gwaji da za a kafa don kada buhu ya shiga inji ba a duba shi ba. Ya kuma sa suka ga fuskokin mutanen da ke zaune a bakin ƙofa ba tare da ya roƙi tausayi ba. Waɗanda suka halarci zaman sun ce da wani ne ya tsaya a wurin, ko mai zafin baki ko mai saurin kuka, da ba a sake kunna inji a Mai Zabo ba.

Kafin kwamitin ya yanke hukunci aka je gaisuwa gidan Malam Ɗahiru. Injiniya Lurwanu ya so ya je, Barista ya hana shi, ya ce ya jira kwamiti ya gama zama. Hajiya Talatu ta shiga wurin mata, Ladidi ta juya fuskarta ga bango har ta fito. Barista Nafi'u ya zauna a tabarma a ƙofar gida tare da maza, a madadin Alhaji. Aka yi addu'a, aka shafa. A al'ada daga nan sai a ce ya haƙuri, a ce haƙuri sai ma'aiki, mai gaisuwa ya tashi. Ba a tone-tone a wurin makoki. Amma da Barista ya miƙa hannu zai yi sallama, Malam Ɗahiru ya riƙe hannun bai saki ba.

"Yallaɓai, ɗan tsaya. Ni ba diyya nake nema ba, kada ka ji tsoro. Matata tana ciki, ko ruwa ba ta iya sha. Mahaifiyata ta ce ita ta kashe yaron da ta kai shi aka yi masa allura, 'yan'uwana duk sun bi bayanta. Kai mai ilimi ne, daga kamfanin kake. Ka faɗa a gaban mutanen nan su ji. Allura ce, ko garinku ne?"

Barista Nafi'u ya san amsar. Ya kuma ga samari biyu a gefen tabarma sun ɗaga waya suna ɗauka. Ya san in ya furta, kafin gari ya waye maganar tana gaban kwamiti, daga bakin lauyan kamfani, ba a yadda ya tsara ta ba.

Ya ce, "Malam, ana kan bincike. In an kammala za a sanar da kowa. Allah ya ba da haƙuri, ya sa mai ceto ne."

Malam Ɗahiru ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya saki hannun. "Na ji," in ji shi.

Hukunci ya fito yadda Barista ya yi fata. Aka ci kamfanin tara, aka rufe shi na wani lokaci har a gyara, ba a ɗaure kowa ba. Rahoton ya faɗi ƙarara cewa gurɓatacciyar gyaɗa ce sanadi, amma da Turanci ya fito, a jaridun da ba sa zuwa unguwar Malam Ɗahiru. Ranar da Barista ya ba shi damar magana, Injiniya Lurwanu ya tafi gidan shi kaɗai ya faɗa wa Malam Ɗahiru komai a tsaye a zaure. Sai dai an daɗe da naɗe tabarmin makoki, mutanen da suka ji tambayar sun watse, tsohuwar ta ce ai dole mutanen kamfani su ce haka tun da likitoci abokansu ne, Ladidi kuma ta riga ta koma gidan iyayenta. Har yau ba ta dawo ba.

Da aka kusa buɗe kamfanin, Alhaji Ilu ya kira su uku gidansa. Yana kishingiɗe, ƙafarsa a kan matashi. Bai tambaye su tsarin da kowa zai kawo ba. Cewa ya yi kowa ya gaya masa abin da ke hana shi sukuni.

Injiniya Lurwanu ya ce, "Da na yi magana da wuri."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, ranka ya daɗe. Sauran duk daga nan suka fito."

Hajiya Talatu ta ce, "Baba, na yi kaffarar rantsuwata, na ciyar, na kuma yi azumi a kai ko da malam ya ce ɗaya ya isa. Bai sa na daina ganin yadda Ladidi ta juya mini baya ba. Amma kada in yaudare ka. In aka mayar da ni gidan rediyon nan, matar nan ta sake bugowa, zan sake rantsewa."

Barista Nafi'u ya gyara tabarau. "Ni ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba, ranka ya daɗe."

"Gaskiyar ma ai ba ka faɗe ta ba," in ji Hajiya Talatu.

"Ke kuma kin faɗi abin da ba ki sani ba, kika jingina shi da sunan Allah."

"Na ji. Nawa ya cika asibiti. Naka fa?"

"Nawa ne ya biya asibitin, Hajiya."

Can Barista ya dubi tafin hannunsa ya ce, da muryar da ba su san shi da ita ba, "Malam Ɗahiru bai matse mini hannu ba, riƙewa kawai ya yi. Har yanzu in na zo alwala sai in ji shi."

Alhaji Ilu ya sallame su. Da 'yan kwamitin gudanarwa suka zo jin wanda ya zaɓa, ya ce musu ya ji bakin kowa, kuma ya kasa. Ya bar musu zaɓin.

Su ma suka rabu. Masu son Injiniya Lurwanu suka ce shi kaɗai ne ya ɗora laifi a kansa alhali yana iya jingina shi ga rufi ko ga na ƙasa da shi, kuma mutumin da ya taɓa ɗanɗana abin da shiru ke jawowa ba zai sake barin jiƙaƙƙen buhu ya wuce ba. Aka ce musu, amma hannunsa ne ya jawo abin tun farko, kuma gaskiyarsa kullum sai ta makara take isowa.

Masu son Hajiya Talatu suka ce ita ce ta san da wane harshe ake shiga ɗakin uwa, ita ce ta sa lafiyar yara gaba da sunan kamfani da nata sunan, kuma akwai yara da yawa da ke gudu a tsakar gida yau saboda ita. Aka ce musu, shugabar da ke rantsuwa a kan abin da ba ya hannunta, ran da ta sake rantsewa wa zai yarda? Kuma wa ya tabbatar gobe ba za ta yi wa ma'aikata ko manoma irin wannan alkawari ba, don ta ga shi ne zai motsa su?

Masu son Barista Nafi'u suka ce ba don shi ba da babu kujerar da ake gardama a kanta, babu albashi, babu mai sayen gyaɗa, Injiniya ma da yana tsare. Sun ce riƙe harshe a lokacin da zuciya ke son ta yi magana shi ma ɗaukar nauyi ne, kuma ya fi wuya. Aka ce musu, mutum ya riƙe hannunsa a wurin makokin ɗansa ya roƙe shi kalma ɗaya wadda za ta wanke matarsa, ya hana. Wanda ya iya wannan don kamfani, me kuma ba zai iya ba?

An gama ginin sabon sito, an sa ranar buɗewa. A ranar ma'aikata za su taru a fili, manoma za su zo, mata ma za su tsaya daga bakin ƙofa da goyonsu su ji abin da za a ce. Dole sabon shugaba ya hau mumbari ya gaya musu cewa za su iya sake dama Mai Zabo su ba 'ya'yansu. Ɗaya ya faɗi gaskiya a kan kansa bayan ta makara. Ɗaya ta yi rantsuwar da ta ceci yara da yawa, amma ba ta cika ga wasu ba. Ɗaya ya tsare abincin ɗaruruwan gidaje, ya bar gida ɗaya ya watse.

To, ku da kuka saurara, da a cikin matan nan kuke tsaye da ɗanku a baya, daga bakin wa za ku yarda ku ji wannan magana? Wa ya kamata a ba kujerar a cikinsu?